Ɓera Mai Lamba Tara

Asubar Jos, sanyi na cizon yatsa,
na buɗe ɗakin gwaji a Naraguta.
Ɓeraye ashirin, farare fat,
goma 'yan hutu, goma 'yan tsere.

Na kunna inji, bel ya soma juyi.
Mai lamba tara ya fi kowa zuciya:
minti talatin yana gudu, ba inda za shi.
Mako takwas ke nan, ban da Lahadi.

Dakta Kaneng ta shigo da 'yar kwalba,
ruwa ne ka ce, mai ɗan duhun toka.
"Azurfa ce," in ji ta, "an niƙe ta
har ta fi ƙarfin ido, ta fi ƙarfin rariya."
Ni azurfar da na sani zoben Inna ce,
wanda ta sayar ran da aka ba Baba gado.

Baba Tanimu, shekara talatin a ramin kuza.
Bukuru ta san shi, Barikin Ladi ta san shi.
Kwano bisa kai, hawa da gangara,
wa ya kai shi motsa jini?
Tarinsa ke tashinmu kafin ladan.
Ba wanda ya ba shi lamba,
ba wanda ya rubuta nauyinsa a littafi.

Yau na yanka huhun mai lamba tara,
siriri kamar ɓawon albasa,
na rina shi ja da shuɗi,
na kai ido madubin likita.
Sai ga saƙar zuma, ɗaki bisa ɗaki.
Na 'yan hutu bango ya kumbura,
ɗakunan iska sun matse, kamar kasuwa ran jajibere.
Nasa da sauƙi.
Amma ga tabo nan, can a lungu,
inda baƙuwar ta yada zango.

"Gudu ya rage," in ji Kaneng, "bai goge ba.
Rubuta haka, kar ki ƙara gishiri."
Na rubuta. Hannuna bai yi rawa ba.
Na wanke kejinsa, na cire lambar.

Da yamma mai keke ya tsaya mini a Farin Gada,
na girgiza kai, na kama tudu da ƙafa,
ina ƙirga numfashi, shiga da fita,
kamar mai ƙirga kuɗin aro.