Aljihun Wuƙa

Ni na ɗinka mata rigar makoki,
ta zaren rama, mai kaushi kamar harshen kyanwa,
a hawa na biyu na kasuwar Gwangjang,
inda ƙaurin wainar wake ke hawowa
ya shige yadi ya ƙi fita.
Yaron kamfani ya zo da takarda:
a yi aljihu a hannun hagu, ɓoyayye,
tsawon taƙi ɗaya, na wuƙa.
Kwana uku na yi a kansa.
Sau biyu ina warwarewa, don kada ya tona kansa
in ta durƙusa gaban sarki.

Laraba da Alhamis, goma na dare,
Sun-deok takan rufe kaskonta ta hauro,
mu jingina da bandiran siliki
muna kallon akwatin da ke bisa firji.

Daren farko an yi mana adalci.
An ƙulla wa uban Wol-seon sharri,
an miƙo masa guba a farin kwano,
ya sunkuya wa fada sau huɗu, ya shanye.
Waziri Maeng ya gyara igiyar hularsa, ko tari bai yi ba.
Yarinyar ba ta yi kuka ba.
Na ce: Sun-deok, kalli hannun hagun nan,
ramuwar gayya tana can kwance.

Kashi na shida ta faɗo daga dutse,
ta manta sunanta, ta manta ubanta,
amma ba ta manta jan baki ba.
Na tara, sai ga ɗan Waziri da laima,
ruwa na zuba, goge na kuka,
aka yi minti bakwai ana kallon juna.
Bawan da muka binne a kashi na uku
ya dawo da wasiƙa a na sha biyu,
babu wanda ya tambaye shi ina ya kwana.
Sun-deok ta fara zuwa da tafarnuwa tana ɓarewa,
wai kada daren ya tafi a banza.

Ke mai rubutu, ko kai, ban san ki ba.
Na san dai ɗinkin da aka yi da gudu:
gaba sumul, ciki duk zare na reto.
Kin yanka yadin mutum goma,
kin haɗa shi da allurar mutum ɗaya mai jin barci.

Ba jini nake nema ba, kada a yi mini gurguwar fahimta.
Shekara ashirin da bakwai ke nan
da aminin mijina ya gudu da kuɗin shagonmu,
mijin ya bi baƙin ciki, bai kai kaka ba.
Na yafe, ai. Amma na san farashinsa:
ɗinki ɗaya-ɗaya ake yin yafiya,
yatsa na huda, kina tsotsewa kina ci gaba.
Da ta zaro wuƙar, ta dube ta, ta ajiye,
da na tashi tsaye na yi mata guɗa.

Sai aka ce Waziri ya zame a kan ƙanƙara.
A bayan fage ma! Wani dogari ya zo da labari.
Kashi goma sha shida, mako takwas,
kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.
Wol-seon ta yi murmushi ƙarƙashin furanni,
aka jero sunaye, babu nawa, ban damu ba.

Jiya aka dawo da rigar, wai a kama mata bakin ƙasa,
za a ba wani wasan haya.
Na zura yatsu a aljihuna.
Ɗinkin na nan daram, ko zare bai motsa ba.
A ciki: takardar alewa, an naɗe ta sau huɗu.