Ƙofa Ta Tara

Shekara ashirin da shida ke nan ina tsaye a Ƙofa ta Tara,
kowace Asabar ta kaka, da jar rigar aiki.
Da can tikiti nake yagawa, in dubi mutum ido cikin ido.
Yanzu waya ake miƙo mini, na'ura ta yi ƙit,
a wuce.

Daga nan ba a hango fili. Ban taɓa ganin wasan ba.
Da tafin ƙafa nake sanin ci:
in yaran jami'armu suka tsallaka layi da ƙwallon nan mai siffar ƙwai,
siminti kan yi rawa a ƙarƙashina,
shayi ya fantsalo daga kofi,
tattabarun rufi su watse zuwa gonakin masara.

A lokacin dala goma sha biyu kan kai ka bencin sama,
inda iskar Iowa ke yankan kunne.
Can Orval Teague mai gyaran tarakta yake zama
da 'ya'ya huɗu, bargo ɗaya,
da ƙararrawar da ya kwance daga wuyan saniyar ubansa.
Can Marlys mai dafa abincin 'yan firamare take,
mace ƙarama, murya kamar jiniyar jirgin ƙasa.
Ita ta taɓa ruɗa baƙi har suka kasa jin kiran jagoransu,
alƙali ya jefa musu rawayan ƙyalle,
garin nan ya yi wata guda yana ba da labari.

Sha biyu ta zama arba'in.
Arba'in ta haifi casa'in.
Bana ɗari da tamanin, ban da kuɗin ajiye mota,
ban da wata gudummawa da sai ka biya
kafin a yarda ka saya.
Bencin sama kuwa an rushe shi,
an jera ɗakunan gilashi masu ɗumi da darduma.

Ba na zagin waɗanda ke zuwa yanzu.
Mutanen kirki ne, suna ce mini na gode.
Sai an fara suke isowa,
tun ba a tashi ba suke fita don gudun cunkoso,
hannu ɗaya waya, ɗaya faranti,
da wanne za a tafa?
Kujera ta cika, an ce, ba masaka tsinke.
Taron tsintsiya.

Ɗalibai an matse su a kusurwa ɗaya da 'yan badujala,
suna iya ƙoƙarinsu, bayin Allah,
kamar mai hura wuta a jiƙaƙƙen itace.
Sai babban allo ya rubuta da manyan baƙaƙe: KU YI IHU.
Lasifika ta saki sowar da aka naɗa wata shekara can baya,
kuma na rantse, cikin sowar nan
ina jin Marlys.
Muryarta ta shiga kyauta.
Ita tana gida, tana ninke wanki.

Makon jiya mun yi nasara a daƙiƙar ƙarshe.
A wayar wani na gani.
Shayina ko motsi bai yi ba.

Da na tashi na bi ta bayan rumbunan hatsi, ƙetaren dogo,
na tarar da Orval cikin tsohuwar a-kori-kurarsa,
shi da jikarsa Wynona da rediyo.
Ya sauke gilashi ya ce,
"Doreen, da gaske ne? Rediyo ya ce mun ci,
amma na kasa kunne, ban ji filin ya ce komai ba."

Ya miƙo mini ƙararrawar, naɗe cikin safa.
An hana shiga da irinta, ni ce ma mai hanawa.

Tana aljihuna yanzu, tana da nauyi.
Saura kwana uku Asabar.