Bututu a Tashar Crewe

Allon tashar Crewe ya sake lashe amansa:
jirgin ƙarfe tara zai zo goma saura,
in ya ga dama.
Rufi na ɗiga daidai kan takalmina,
shayin ya huce tun ban kai rabi ba.

Rumasa'u tana naƙuda a Landan,
ni uwarta ina nan kan benci ina ƙirga tantabaru.

A bayan jaridar da wani ya yar
an zana farin bututu bisa ginshiƙai,
ya tsaga gonaki, bai ce wa kowa sannu ba.
Wai a zuƙe iskar cikinsa ƙaf,
a zuba mutane a kwanso, a harba,
kafin ka gama ɓare lemo ka iso.
Sau uku na karanta.

Tsohon da ke gefena, Gethin Pritchard,
shekara arba'in yana waldar bututun gas,
ya ɗora yatsa mai tabon wuta kan hoton.
Ya ce ƙarfe yana miƙa da rana
kamar wanda ya tashi daga barci,
da dare ya takure.
Ƙarfen mil ɗari in ya yi miƙa,
ina za ki sa ƙafarsa?
Ya ce iska ɓarauniya ce mai haƙuri,
kafar allura ta ishe ta shiga gida.
Kuma wannan gudu ba ya shan kwana,
alhali tsakanin nan da Landan akwai coci,
akwai maƙabarta,
akwai wata gwaggo da ba za ta sayar da lambun kabejinta ba
ko za a auna mata zinariya da mudu.
In ya tsaya a tsakiya fa? Ba taga. Ba ƙofa.

Na ce kakana ma ya rantse ƙarfe ba ya tashi sama,
ga shi ƙarfen ne ya sauke ni a ƙasarku.
Ya yi dariya har da tari.
Ya ce ban ce ba za a yi ba,
na ce wa zai yi,
waɗanda suka kasa toshe wannan rufin?

Sai waya ta yi ƙara. Mijinta ne.
Bai iya magana ba, ya dai miƙa wayar,
na ji wani siririn kuka mai fushi.
Wata tara tana tafe cikin duhu, ba taga,
ta iso, ta ja iskarta ta farko,
ba ta jira ni ba.

Jirgin ya shigo yana jan ƙafa, goma da kwata.
Gethin ya yage hoton a hankali, ya ninke,
ya sa mini a tafin hannu.
Ya ce ajiye mata.
Ko ta hau, ko ta yi mana dariya.