Sikelin Gagarawa

Kakana Barau ya yi dako a tashar Gagarawa
tun dogo yana sabo, ƙarfensa bai san tsatsa ba.
Muna ɓarar gyaɗa a zaure ya ba ni wannan labari,
na ajiye shi kamar iri, sai bana na ga damar shukawa.

Ya ce: Yaro, ba don mu aka shimfiɗa hanyar nan ba.
Don gyaɗa ce, da ƙiraga, da ƙaron da ke zuwa daga gabas.
Tarago goma sha huɗu na kaya,
ɗaya tak na mutane can a wutsiya,
kamar gyaran da mai awo ke jefawa bayan ciniki ya faɗa.

Akwai manajan da ke zuwa da malafa, wata-wata.
Abin da ya gaya wa akawu, tafinta ya fesa mana:
Buhu ba ya neman ruwan sha.
Buhu ba ya tambayar yaushe za a tashi,
ba ya cewa a dakata, la'asar ta yi,
ba ya zuwa da akuya da tabarma da surukarsa.
Inda ka aje shi, nan za ka tarar da shi.
Mutum kuwa, sule biyu zai ba ka,
ya bar maka ciwon kai na fam guda.

Ran da ruwan bazara ya yi mana sammako,
mu muka ja tamfol muka lulluɓe buhuna,
matafiya na gindin tsamiya, zannuwa sun manne da jiki.
Ba wanda ya ce uffan. Haka muka taso muka gani.

Sai wata Laraba saƙo ya zo daga Fagge:
Talle ƙanena yana kwance, sunana yake kira.
Taragon mutane sai Asabar.
Ga na kaya tsaye a gabana yana huci,
ni na cika cikinsa da wuyana tun asuba.

Na hau sikeli da ƙafafuna biyu.
Na ce, Malam Ilu, auna ni.
Allura ta yi rawa, ta tsaya: buhu guda, saura kaɗan.
Na ce, rubuta gyaɗa ce, ɓararriya,
ba ta jin ƙishi, ba ta magana,
ko sallar ma na rama idan na isa.

Ya yi dariya, dariyar ta maƙale masa a wuya.
Ya buɗe littafin, ya juya, ya sake juyawa,
ya ce, Barau, wallahi babu layinka a nan.

Da azahar jirgi ya busa, ya wuce.
Ranar Asabar na sauka Kano,
na tarar ana raba gumbar sadakar uku.
Gyaɗar da na loda kuwa, an ce tuni ta yi nisa,
ba ta makara ba ko da yini guda.

Nan kakana ya yi shiru, ya ci gaba da ɓara.

Jiya na bi ta tashar.
Tumaki na tuƙa a kan dogo, kwano ya yaye,
sikelin na nan a kusurwa, zanzaro ya yi gida a jikinsa.
Na duba hagu da dama, na hau.
Allurar ko motsi ba ta yi ba.