Gida Na Ɗari Biyu Da Sha Bakwai

Da kwalekwale muka iso, ni da Taposhi,
ita da ma'aunin jini, ni da takardu cikin leda,
don ruwan kudancin Khulna ba ya jin magiya.
Kwana tara aka ba mu, gidaje ɗari huɗu,
kowane gida sau ɗaya. Ba a komawa.

Shefali Mondol, shekaru "wajen arba'in",
ta kori agwagi daga dakali,
ta shimfiɗa tabarma, ta miƙo dantse.
Maɗauri ya kumbura, ya saki numfashi:
ɗari da saba'in bisa ɗari da biyu.
Taposhi ta dube ni. Na rubuta.

Tambaya ta sha ɗaya: ina kuke ɗiban ruwan sha?
Rijiya, famfo, kududdufi, ruwan sama.
A zaɓi ɗaya.
Ta ce, "A wane wata?"
Na ce takarda ba ta san wata ba, yau take nufi.
Ta rufe baki da gefen sari tana dariya:
"To, yau kududdufi. Ɗanɗana."
Na kurɓa. Gishiri ya kama mini harshe
har bayan la'asar bai sake ni ba.

Cokali nawa na gishiri kike sa wa miya?
"Rabona da shi tun bara. Teku ke ɗanɗana mini girki."
Babu gurbin da zai ɗauki wannan.
Na sa sifiri.

Kuna da gona?
Ta nuna ruwa da haɓa:
"Tana nan ƙasa, jatan landen wani ke kwana a kai."
Sana'ar maigida?
Bimal na Dhaka, yana taka keken haya,
kuɗi kan zo ta waya, wani wata ba su zuwa.
Minti nawa zuwa asibiti?
"In kogi ya cika, awa guda.
In ya janye, taɓo har gwiwa, sai gobe."
Na raba biyu, na rubuta ƙarya mai tsabta.

A birni malamarmu ta ja mana kunne:
wannan bincike yankan rake ne a tsakiya,
za ku ga zagayen, ba za ku ga tushe ba.
Kada wanda ya ce wannan ya haifi wancan,
ku ce dai mun same su zaune tare:
gishiri da hawan jini,
talauci da nisan hanya.
Na yarda. Na ci jarrabawa da wannan.
Amma ruwa ba ya tsami banza,
kuma harshena shaida ne.

Taposhi ta cika mata 'yar takardar ganin likita.
Shefali ta karɓa da hannu biyu,
ta yi ɗage, ta soke ta a jikin jinka,
inda wasu biyu suka riga ta, hayaƙi ya rine su.
"Ta masu farar hula ce wannan, bayan guguwa.
Wannan kuma ta wata doguwa mai tabarau.
Duk mutanen kirki. Kowa sau ɗaya ya zo."

Na roƙa, ta sauko da su.
Ɗari da talatin da takwas.
Ɗari da hamsin da biyar.
Ga tamu, tawadarta ba ta bushe ba.
Na jera su a gwiwa kamar tsani,
shekara shida a ƙarƙashin ciyawa ɗaya,
abin da gidaje ɗari huɗu ba za su faɗa mana ba.

Na juya shafi, na nemi inda zan sa.
Akwai layi ɗaya a ƙarshe: Ƙarin bayani.
Rabinsa ya jiƙe.

Mai kwalekwale ya ƙwala kira, ruwa na gudu.
Ta ce, "Ku tsaya ku sha shayi."
Taposhi ta dubi tulun, ta dubi agogo.
Muka sha, a tsaye,
da sukari cokali uku don a danne teku,
sannan muka gangara
gida na ɗari biyu da sha takwas.