Ƙanƙara a Fulas

Zuwaira ce ta tono zancen
ta waya, daga Budafes:
"Yaya, hutun Disamba ku zo mana,
kwana shida kacal.
Ɗakina zai ɗauke mu in an jingine teburin karatu."
Na ce to,
irin to ɗin da ake ce wa mai tallar turare.
Ashe Mannir na bayan labule,
kunne ya riga ya sha.

Tun ran nan gidanmu na Ƙofar Ƙaura
bai sake zama lafiya ba.
Hindatu ta yagi tsakiyar littafin lissafi
ta zana kogi ya raba gari biyu,
ta ɗora masa gada,
ta tsayar da mu a kai, mu biyar,
kowa da hanci ja.

Babansu kuwa da biro yake kwana.
Ya buga yuro da naira, ya share,
ya sake bugawa ko Allah zai sa ta sauya ra'ayi.
Ba ta sauya ba.
Ya ce, "Kuɗin tikitin auta kaɗai
ya isa sa biyu a kasuwar Charanchi."
Na ce ai sa ba ya tuna komi in ya girma.
Ya dube ni ta saman tabarau,
ya juya sabon shafi.

Ranar Asabar muka shiga layin 'yan gwanjo.
Mai rumfa ya kwance dila
ya zaro wata kwat mai nauyin buhun gero rabi,
ya rantse daga can ta fito,
gida za ta koma.
A aljihunta na tsinci tikitin tarago
da harshen da ban iya karantawa ba.
Na mayar da shi inda yake.
Safar hannu ƙafa uku, ɗaya ba ta da 'yar'uwa,
mun saya a hakan.

Da daddare na kama Rabe a gaban firiza,
hannu cikin ƙanƙara har gwiwa,
yana ƙirga, goma sha ɗaya, goma sha biyu,
wai horo yake yi.

Zuwaira ta turo lokutan salla.
Na duba sau biyu:
magariba ƙarfe huɗu saura!
Azahar da la'asar kamar maƙwabta masu katanga ɗaya.
To yaushe za a ga gari?
Ta ce gari da dare ya fi kyau,
fitilu kan ruwa, kasuwar katako mai ƙamshin kirfa,
gidan tarihi in sanyi ya kori yara.
Na rubuta: wuri ɗaya a yini, kada a haɗama.
Na ƙara: maganin mura, man kaɗanya, yaji.
Kilishi an ce ba ya tsallake kwastan,
sai mu cinye shi a hanyar Kano.

Inna ta saurare mu tana ɓarar gyaɗa.
Ta ce, "Mutane na gudun sanyi,
ku kuna biyan kuɗi ku same shi har gida."
Sai Rabe ya rarrafa ya raɗa mata
zai cika fulas ɗin shayi da dusar ƙanƙara
ya kawo mata tsaraba.
Ta yi dariya har gyaɗar ta zube,
ta ce ya toshe bakin da kyau.

Yau kwana goma sha tara
fasfunanmu na Abuja, ba labari.
Akwati biyu a buɗe tsakar ɗaki
muna tsallake su zuwa kicin.
Babansu ya daina ambaton shanu.
In waya ta yi ƙara, mu biyar muke ɗagowa.

Fulas ɗin kuwa tuni ya ɓace daga kan kanta.
Jiya na same shi a ƙasan akwati,
an wanke, an goge,
an naɗe shi cikin safar nan marar 'yar'uwa.