Lissafin Bayan Ƙofa

A bayan ƙofar shagona, nan Aboabo,
akwai lissafi huɗu da na rubuta da alli.
Ran da aka yi wa shagon fenti
na ce wa yaron ya kewaye su.

Na sama: ɗari huɗu da sha ɗaya.
Shekarar nan Hudu ko keke ba shi da shi.
Da rigata ya ɗauki hoton takardar ƙuri'a,
wuyan ya yi masa yawa,
ya fito kamar zakara a bakin buhu.
Abokin takararsa na da lasifika biyu da motar haya,
shi kuwa shebur gare shi.
Duk Asabar yana cikin kwata har gwiwa,
yana kwaso leda da mushen ɓera,
masu koko da ƙosai na toshe hanci
suna sa masa albarka.
Da ƙuri'a tara ya tsallake. Tara!
Ni na tsaya masa a akwati,
muka ƙirga da fitilar mai shayi
don an ɗauke wuta tun la'asar.

Na biyu: dubu ɗaya da ɗari biyu da bakwai.
Famfo ya zo bayan masallaci,
gadar katako ta koma siminti.
Har Kwaku mai walda, da ba ya jin Hausa sai ta zagi,
ya ɗaura hotonsa a gaban babur.
Tsofaffin da suka yi masa kaciya
suka koma ce masa Honarabul.
Ya yi ƙiba kaɗan. Mun ce albarka ce.

Na uku ban so rubuta shi ba:
ɗari takwas da sittin.
Ya ci, amma irin cin da ba a yi wa guɗa.
Lokacin idonsa ya hango babbar majalisa,
can Ankara, bakin teku.
Ya sai da filin uwarsa na Sawaba,
ya bi wakilan jam'iyya gida gida da atamfa da sidi,
suka rantse masa, suka ci, suka sha,
ranar fid da gwani goma sha huɗu suka tuna da shi.
Ya dawo da mota mai baƙin gilashi
da lambar waya wadda ni ma ban da ita.

Sai ruwan watan shida.
Rafin Aboabo ya tashi da dare
ya bi kwatar da ba wanda ya shiga shekara biyar,
ya shiga ɗaki ɗaki yana gaisuwa.
Katifu a kan rufi, littattafan yara a taɓo.
Kwana uku muna kira. Layi a kashe.

Na huɗu: ɗari uku da biyu.
Malama Lariba, mai koyar da 'yan aji uku,
ba ta buga fasta ba sai guda hamsin.
Littafi ɗaya take yawo da shi,
sunan duk gidan da ruwa ya shiga
da iyakar inda ya tsaya.
Matata ta faɗa mini a fili wa ta zaɓa.
Ni har yau ba a tambaye ni ba,
kuma na gode Allah.

Yanzu yakan zo da yamma, a ƙasa,
ya zauna kan bencin masu jiran ɗinki.
Jiya iska ta turo ƙofar, ya gani.
Ya bi su da yatsa, sama zuwa ƙasa,
leɓensa na motsi kamar mai tilawa,
har ya kai wani layi ja-ja, daidai ƙugu,
da ya ratsa katakon gefe zuwa gefe.
Ya ce, wannan fa, na wace shekara ce?
Na ce, Hudu, wannan ba rubutuna ba ne.

Ya yi shiru.
Na ci gaba da taka keke,
akwai rigunan biki uku da za a karɓa kafin Juma'a.